Ji ya kori gani: yadda akwatin lantarki ke sanin gudun pompon da ke ƙasan rijiya

A bazarar bara, daidai lokacin da zafi ya kai inda ya kai, kawuna da ke da garka a fadamar Gulbin Maraɗi ya aiko a kira ni da sassafe. Duk wanda ya san dattijon nan ya san ba ya kiran mutum da safe sai da dalili. Na tarar da shi tsaye gaban wani ɗan akwati da ke ɗaure a ƙarƙashin allunan hasken rana, akwatin yana ƙyafta jar wuta, yana nuna wasu haruffa da lambobi waɗanda daga shi har yaransa ba wanda ya san ma'anarsu. Kwana uku ke nan pompon foraj ɗinsa ba ya tashi sai rana ta take, in ma ya tashi ruwan da yake bayarwa ba ya zagaye rabin fangalin. Tumatir ya sunkuyar da kai, zogala ta fara zubar da ganye, ga bashin iri da taki yana jiran girbi. Shi kuwa Kawu ya kira ni ne saboda a ganinsa duk mai magana a rediyo ya san komai.

Ban san komai ba. Abin da na iya tattarawa dai shi ne, kwana goma kafin nan moter ɗin pompon ya ƙone, aka fito da shi aka kai wa wani mai naɗin waya a kasuwa ya sake naɗa shi. Da aka zo mayarwa kuma sai aka ga ruwa ya ja baya, aka ƙara tiyo domin a saukar da pompon ƙasa, wayar lantarki ta gaza, aka haɗa ta da wani guntu da aka sayo da araha. A rana ta huɗu wani matashi mai gyaran irin waɗannan kaya ya zo. Mun zaci zai ce a sake fito da pompon, har yara sun fara tattara igiya. Bai ce ba. Ya nemi takardar da ke ɗauke da lambobin moter, ya cire guntun wayar nan ya sa mai kauri, ya daddanna maɓallan akwatin, muka ji akwatin yana ɗan ƙugi na kamar minti biyu ba tare da ɗigon ruwa ya fito ba, sannan ya ce wa Kawu: Baba, a duba gobe da safe. Washegari tun hantsi bai yi ba ruwa ya cika tiyo.

Da na tambaye shi abin da ya yi, sai ya ce mini akwatin ne ke riƙe da tsohon hoton moter a kansa, shi kuma ya sa ya ɗauki sabo. Wannan magana ita ce ta hana ni sakat har na bi diddiginta, na yi shiri a kanta a gidan rediyonmu, masu saurare kuma suka nemi a rubuta domin su ajiye.

Gudun moter a hannun wa yake?

Irin moter ɗin da ya fi yawa a duniya, wanda ke juya injin niƙa da injin markaɗe da manyan pompuna, tsohon abu ne. Nikola Tesla ya samu takardar mallakar fasaharsa a Amurka a shekarar 1888, a daidai lokacin da Galileo Ferraris ke irin wannan bincike a Italiya, sannan a 1889 injiniya Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG a Jamus ya ƙera samfurin mai waya uku wanda har yau shi ake bi. Sirrinsa shi ne, in aka ba naɗin wayar da ke jikin gangarsa kuran, sai a samu ƙarfin maganaɗisu da ke zagayawa a ciki, shi kuma ƙarfen tsakiya ya riƙa bin sa a guje.

Gudun wannan zagaye ba moter ke zaɓa ba, kuran ke zaɓa masa. Kuran NIGELEC yana kai da komo sau 50 a cikin sakan guda, abin da ma'aikata ke kira herz 50. Da wannan bugu, maganaɗisun moter ɗin pompo yana zagaye 3000 a minti, na wasu injuna kuma 1500, gwargwadon yadda aka naɗa su. Ƙarfen tsakiya ba ya taɓa cim masa, kullum yana ɗan baya, shi ya sa za ka ga an rubuta 2850 ko 1450 a jikin allon moter. Mai karatu ya riƙe wannan ɗan giɓi, domin za mu komo kansa: in kaya ya yi nauyi giɓin yana faɗi, in kaya ya yi sauƙi yana tsukewa.

Shekara da shekaru haka aka zauna, moter ko dai ya yi gudu ɗaya ko ya tsaya. Mai son rage ruwa sai ya murɗa bawul ya shaƙe tiyo, moter na ta shan wutarsa. Akwatin da ma'aikatanmu ke kira bariyater shi ya kawo canji. Yana karɓar wuta, daga layi ne ko daga allunan rana, ya yayyanka ta sau dubbai a cikin sakan, ya sake ɗinka ta da irin bugun da yake so: herz 50, ko 42, ko 35. Da bugu ya sauka gudu ya sauka.

Ribar da ke ciki ba ƙarama ba ce. A irin pompon nan mai farfela, in aka rage gudu zuwa kashi 80 cikin 100, wutar da yake sha tana sauka zuwa kusan rabi. In aka raba gudun biyu, wutar tana komawa kashi ɗaya cikin takwas. Wani rahoton hukumar makamashi ta duniya na shekarar 2011 ya ƙiyasta cewa moter da injunan da suke juyawa suna cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na duk lantarkin duniya, don haka ba abin mamaki ba ne manyan kamfanoni su duƙufa kan wannan akwati. Mu a nan kuwa bukatar ta ma fi ta tsimin wuta. Hasken rana na ƙarfe takwas daban yake da na azahar, ga ƙura, ga gajimare. Moter ɗin da bai iya komai ba sai gudu ɗaya, ba zai yi aiki da allunan rana ba sai an tara masa batura, batura kuwa kowa ya san tsadarsu da gajeren kwanansu a zafinmu. Bariyater shi ke duba abin da rana ta bayar a kowane lokaci, ya daidaita gudun moter da shi.

Amma akwai iyaka, kuma masu sayar da kaya ba su cika faɗinta ba. Tsawon da pompo ke iya tura ruwa yana sauka fiye da yadda gudu ke sauka. Pompon da iyakarsa mita 50 a cikakken gudu, in ya koma kashi 80 cikin 100 bai wuce mita 32. Idan daga fuskar ruwa zuwa bakin shato mita 40 ne, to moter zai yi ta juyawa, ko kofi guda ba zai fito ba.

Ɗan leƙen asirin da aka sallama

Kafin akwati ya bi da moter yadda ya kamata, sai ya san gudunsa na gaskiya, a wasu irin moter ma sai ya san inda ƙarfen tsakiya ya fuskanta a kowane ƙiftawar ido. Hanyar da aka fara bi mai sauƙin fahimta ce: a ɗaura wata na'ura a ƙarshen sandar moter ta riƙa kawo rahoto. Ma'aikata na ce mata kapter. Akwai mai kama da ƙaramin dinamo, akwai mai faifai da ƴan tsaguna wadda haske ke ratsawa tana ƙirga, wata har ƙirga 1024 take yi a zagaye guda, akwai kuma ƴan ƙanana masu jin maganaɗisu irin waɗanda ke cikin ƙafar keke mai lantarki.

Kapter tana aiki, ba a musu. To amma tana da tsada, a ƙaramin moter tana iya cin wani babban kaso na kuɗinsa. Tana bukatar wayoyinta na daban, sirara, masu saurin tsinkewa da kwasar hayaniyar lantarki. Ba ta son ƙura, ba ta son zafi, ba ta son jijjiga, wato duk abin da muke da shi a yalwace. Sai ka duba moter ɗin foraj: faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, yana nutse cikin ruwa da yashi a zurfin mita 40 ko 80 ko fiye. Ranar da kapter ta mutu a can ƙasa, sai an tara majiya ƙarfi, ko a ɗauko mota mai ƙugiya, an zaro tiyo ɗaya bayan ɗaya, saboda wani abu da bai kai girman ƙwallon goro ba. Shi ya sa injiniyoyi suka ɗauki shekaru suna neman yadda za su rabu da ita.

Igiyar guga

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi ya riga ya san tushen dabarar. Ba ka ganin guga a cikin duhu, amma hannunka na gaya maka ta taɓa ruwa, ta cika, ko ta maƙale a jikin gini. Igiyar da kake ja da ita, ita ce kuma ke kawo maka labari. Wayoyi uku da ke kai wa moter wuta su ne igiyar bariyater. Ya san yawan bolt ɗin da ya tura, domin shi ya tura, yana kuma auna amper ɗin da moter ya ja. Saboda haka in an ce babu kapter, ana nufin babu wadda ke jikin moter. Ma'aunan kuran suna nan, amma a cikin akwati, a inuwa, inda hannu ke kai.

Abu na farko da akwatin ke saurara shi ne amsar da moter ke mayarwa. Tun 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa in maganaɗisu ya gilma kusa da naɗin waya, wuta na haihuwa a cikin wayar. Dinamon keke ke nan: in ka taka da ƙarfi fitila ta yi haske, in ka sassauta ta dushe. Kowane moter da ke juyawa dinamo ne a ɓoye, yana haifar da tasa wutar da ke tunkuɗe wadda ake ba shi, kuma ƙarfinta na tafiya da gudunsa. Kamar amsa-kuwwa ce a bakin rijiya. A ƙananan moter masu maganaɗisu na dindindin, waɗanda suka cika pompunan rana na zamani, wani lokaci ma dabarar a fili take: akwatin na ba waya biyu wuta, ya kasa kunne a ta uku, da ya ji amsar ta juya ya san lokacin sauya waya ya yi. Haka yake zagayawa sau ɗaruruwa a sakan.

A moter irin na Kawu kuwa, wanda ba shi da maganaɗisu na dindindin, aikin ya fi wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce akwatin ya riƙa ɗaga bolt da herz tare, ya ɗauka cewa moter na biye, kamar mai kora jaki da dare yana jin ƙarar kofato. Wannan ta wadatar ga fanka da pompuna da yawa. Hanya ta biyu ita ce wadda matashin nan ya kira hoto. A cikin ƙwaƙwalwar akwatin akwai wani moter na lissafi, wanda ba shi da ƙarfe ba shi da waya, sai lambobi: yawan turjiyar naɗinsa, ƙarfin maganaɗisunsa, gudun da aka rubuta masa. Duk wutar da aka tura wa moter na gaskiya, ana tura irinta ga na lissafi, sannan a gwada amper ɗin da lissafi ya ce za a ja da wanda aka ja a zahiri. In sun saɓa, sai akwatin ya gyara hasashensa na gudu, ya sake gwadawa, har su daidaita. Sau dubbai yake yin haka a sakan guda. Giɓin nan da muka ce a riƙe, ta nan ake gano shi, domin nauyin kaya na bayyana a cikin amper, daga nauyin kaya kuma a san yadda ƙarfen tsakiya ya ja baya.

Ba a dare ɗaya aka kai nan ba. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, wasu masu bincike biyu a Jamus, Hasse a Darmstadt da Felix Blaschke na kamfanin Siemens, suka nuna yadda za a raba kuran moter gida biyu a lissafi, kaso ɗaya na gina maganaɗisu, ɗaya na murɗa sanda, a riƙa bi da kowanne daban. Lissafin ya yi wa na'urorin wancan zamani nauyi, sai da ƙananan ƙwaƙwalen lantarki suka yi araha a shekarun 1980 aka fara cin moriyarsa sosai. A tsakiyar shekarun 1980 ɗin ne Isao Takahashi da Toshihiko Noguchi a Japan, da Manfred Depenbrock a Jamus, suka fito da wata hanya ta bi da ƙarfin murɗa kai tsaye, wadda kamfanin ABB ya shigar kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, tana aiki ba tare da kapter ba a mafi yawan ayyuka. Shi kuwa lissafin gwada hasashe da zahiri, an aro shi ne daga wani fagen daban. Rudolf Kalman ya wallafa nasa a 1960, kuma da irinsa aka yi wa kumbon Apollo jagora zuwa duniyar wata. Na yi dariya da na karanta wannan, na ce ashe dangin lissafin da ya kai mutum wata ne ke shayar da tumatirin Kawu.

Inda kunnen ke toshewa

Raunin dabarar yana wuri guda, kuma nan ne matsalarmu ta fito. Dinamon keken da ke tsaye ba ya ba da haske. Moter ɗin da ke tsaye, ko yake tafiya a hankali, amsarsa ƴar ƙanƙanuwa ce, tana ɓacewa cikin wutar da waya da naɗi ke cinyewa a hanya. Kafin akwatin ya ji amsar, dole ya fara cire wannan asarar hanya daga lissafi, kuma ba zai cire daidai ba sai ya san turjiyar wayar daidai. A cikakken gudu, ƴar kuskure ba ta komai, domin amsar ta rinjaye ta. A lokacin tashi kuwa ƴar kuskuren ita ce komai.

Turjiya kuma ba a zaune take ba. Jan ƙarfe in ya ɗauki zafi turjiyarsa na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a kowane digiri 10, wato moter ɗin da ya ƙara digiri 50 a bakin aiki ya canza da kashi 20 cikin 100. Akwatuna masu kyau suna bin wannan canji da kansu. Abin da ba sa iya bi shi ne canjin da mutum ya yi da hannunsa bai gaya musu ba. Mita 100 na wayar da ma'aikata ke kira 2,5 tana da turjiyar kusan om 0,7 a kowane sili, ta 1,5 kuwa ta kusa om 1,2. In kuma aka yi rashin sa'a wayar ta alminiyom ce da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, irin wadda ke yawo a kasuwanni, lissafin ya ƙara lalacewa, domin alminiyom bai wuce kashi 60 da ɗoriya cikin 100 na jan ƙarfe ba wajen wucewar wuta. Araha ba ta ado.

Abu biyu ne suka haɗu wa pompon Kawu. Mai naɗi ya sa wayar da ya samu, ba lalle irin ta asali ba, ga kuma guntun da aka ƙara. Akwatin yana nan yana lissafi da tsohon moter da tsohuwar waya, yana tura wutar da a ganinsa ta isa, alhali wani kaso ya zube a hanya. Maganaɗisu bai ginu sosai ba, moter ya yi ta jan amper yana neman tashi, allunan rana kuma da safe ba su da abin da za su ba shi, sai akwatin ya yanke don kare kansa. Da azahar, da wuta ta wadata, sai a tsallake da ƙyar. Ƙugin minti biyu da muka ji, awo ne. Akwatin ya tura ƴar wuta cikin naɗin, ya auna turjiya da sauran lambobi tun daga bakinsa har ƙasan rijiya, ya rubuta sabo. Kusan duk bariyater mai irin wannan lissafi yana da wannan awo a cikin tsarinsa, yana kuma cikin littafin da ake sayar da shi tare, littafin da galibi ke ƙarewa a hannun mai ƙosai.

Ba na ɗora wa mai naɗi laifi duka. Sana'arsa ta ceci dubban injuna a ƙasar nan, kuma lokacin da ya koye ta moter ba shi da wani akwati mai riƙe hotonsa. Abin da ya rage masa shi ne ya gaya wa mai kaya cewa bayan naɗi sai an sake awo.

Masu bincike ba su bar wannan rauni haka ba. A shekarun 1990, Manfred Schrödl a birnin Biyena, da Robert Lorenz da abokan aikinsa a jami'ar Wisconsin ta Amurka, suka ɓullo da hanyar tura wa moter ƴar siririyar wuta mai saurin bugu, a saurari yadda ƙarfen ciki ya karɓe ta, kamar mai ƙwanƙwasa tulu ya ji ko da ruwa. Da wannan ana iya sanin inda ƙarfen ya fuskanta ko yana tsaye cik, musamman a moter masu maganaɗisu a binne. Duk da haka, inda rai ke rataye, kamar na'urar hawa bene da ƙugiyar ɗaga kaya masu nauyi, har yanzu kapter ake sawa, haka ma yawancin motoci masu lantarki. Amma firiji da na'urar sanyaya ɗaki na zamani, da injin wanki, da ƙananan jiragen nan marasa matuƙi masu ɗaukar hoton biki, da yawansu da kunne kawai suke aiki.

Abin da ya shafe mu

Pompon rana ba baƙo ba ne a Nijar. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin ONERSOL yana neman yadda rana za ta yi mana aiki, sannan a shekarun 1990 wani shirin ƙungiyar CILSS da kuɗin Tarayyar Turai ya kafa ɗaruruwan pompunan rana a ƙauyukan Sahel. Bambancin yau shi ne, abin ya fita daga hannun ma'aikatu ya shiga kasuwa. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, man ruwa-ruwa da masu garka na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram suka dogara da shi ya yi tsada, wasu suka mayar da injunansu na gas, wasu suka sayar da dabba suka sayi alluna. A watan Agustan shekarar kuma aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. Wanda ya ga wannan ba ya bukatar a yi masa tallar rana.

Kayan da ke shigowa kala-kala ne. Kamfanin Grundfos na Danmak, a samfurinsa SQFlex, ya sa ƙwaƙwalwar a cikin jikin moter ɗin, tana nutsewa tare da shi. Kamfanin Lorentz na Jamus ya bar akwatin a sama, moter ɗin ƙasa ba shi da komai sai naɗi da maganaɗisu. A irin waɗannan, moter da ƙwaƙwalwa ƴan gida ɗaya ne, tun daga masana'anta aka san juna. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne haɗin gambiza, wanda kuma shi ne talaka ke iya saye: moter daga wannan shago, bariyater daga wancan, waya daga tebur. Haɗin na iya aiki lafiya lau shekaru, in dai wanda ya haɗa ya zauna ya shigar da lambobin allon moter, kilowat da bolt da amper da herz da zagaye, ya yi awo bayan an gama shimfiɗa waya, ba kafin nan ba. Na ga inda aka kafa aka tafi ba a taɓa maɓalli ko ɗaya ba, akwatin yana lissafi da wani moter na masana'anta da bai taɓa zuwa Nijar ba.

Akwai wasu lambobi biyu da matashin nan ya nuna mini waɗanda a ganina sun fi kowanne muhimmanci ga aljihun mai garka. Na farko shi ne mafi ƙarancin gudu. Masu ƙera moter ɗin foraj suna gargaɗin kada a bar shi yana tafiya ƙasa da herz 30, kuma in zai tashi ya kai can cikin sakan ɗaya zuwa uku, domin matashin da sandarsa ke zaune a kai yana shawagi ne kan ɗan siririn ruwa, wanda ba ya samuwa sai da gudu. In aka bar shi yana jan jiki tun asuba da ƴar wutar da ba ta kai ta kawo ba, yana cin kansa ne a hankali. Na biyu shi ne kariyar ƙafewar ruwa. Pompon da ya shaƙi iska kayansa na sauƙi nan take, amper ya faɗi, akwatin kuma na iya jin haka ya tsayar da shi kafin ya ƙone, kamar dai mai jan guga da ya ji igiya ta yi sakayau. Amma sai an gaya masa iyakar da zai ɗauka a matsayin ƙafewa. A akwatin Kawu ba a taɓa sa wannan lamba ba, kuma matashin yana kyautata zaton abin da ya ƙona moter ɗin tun farko ke nan, lokacin da ruwa ya ja baya.

A nan ne nake ganin cibiyoyin koyon sana'a da ke jihohinmu suna da aiki a gabansu. Yaran da ke fitowa sun iya jan waya da ɗaura alluna, masu naɗi sun iya naɗi, masu haƙa foraj sun iya haƙa, amma wanda zai tsaya tsakaninsu ya karanta abin da akwatin ke faɗi, ƙalilan ne, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Littattafan ma da Turanci ko Sinanci suke zuwa, na Faransanci sai an dace. Matashin da ya zo mana sai da aka jira shi kwana uku, domin yana can wani ƙauye kan pompon da ke shayar da gari guda.

Kawu dai ya yi asarar fangali shida na tumatir, zogala ta farfaɗo. Da na koma bayan sallah na tarar ya sa jikansa ɗan lakkol ya kwafe lambobin moter ɗin da jan fenti a jikin bangon ɗakin ajiya, har da tsawon wayar da kaurinta, domin takardar asali ta fara cin ruwa.